Takardar malami, ta babban mutum, ko hirar tsohon ɗalibi: wacce ke buɗe ƙofar jami'ar Amurka?

Wanda ya saba da tsarin JAMB yakan sha mamaki ranar da ya buɗe fom ɗin neman jami'a a Amurka. A gida maki ne ke magana: na UTME, na WAEC ko NECO, sai tantancewar da jami'a ke yi. A can kuwa, bayan maki, manyan jami'o'i suna son jin abin da wasu za su faɗa a kanka, ko dai a rubuce ko bayan sun zauna da kai. Nan ɗalibi ke rasa inda zai sa gaba. Baba na cewa zai karɓo takarda daga wurin sanata, yayan da ke waje na cewa a duƙufa kan shirin intabiyu, ga wani ejan yana tallar hirar bidiyo ta kuɗi. Lokacin kuma ba shi da yawa. Common App, shafin da jami'o'i sama da 1,000 ke karɓar masu nema ta cikinsa, yana buɗewa ranar 1 ga Agusta. Zagayen farko a Harvard, Yale, Princeton da MIT yana rufewa 1 ga Nuwamba, babban zagayen kuma farkon Janairu.

Abubuwa biyar za mu ɗora a sikeli: takardar malamin darasi, takardar makaranta, ƙarin takarda daga wani na waje, hira da tsohon ɗalibin jami'ar, da hirar bidiyo da ake biya.

Mudun da za mu auna da shi

Na farko nauyi, wato in abin ya yi kyau, yaya yake ɗaga ka a idon masu zaɓe. Na biyu kuɗi da lokacin da zai ci. Na uku ƙarko: jami'a ɗaya zai yi maka amfani ko ashirin, bana kaɗai ko har baɗi. Na huɗu sauƙin samu ga wanda ke Kano, Zariya ko Maraɗi. Na biyar haɗari, domin akwai takardar da rashinta ya fi samunta alheri.

Game da nauyi akwai alƙaluma. A binciken da NACAC, ƙungiyar masu aikin ɗaukar ɗalibai ta Amurka, ta fitar a 2023, kusan kashi 77 cikin 100 na jami'o'in da suka amsa sun ce makin darussan sakandare na share fagen shiga jami'a yana da nauyi sosai. Waɗanda suka faɗi haka game da takardar makaranta kusan kashi 12 ne, ta malami kusan kashi 11, hira kuwa kashi 4 da ɗoriya. Saboda haka babu takardar da za ta rufe ramin da sakamako ya bari. Amma wannan lissafin ya haɗa har da jami'o'in da ke ɗaukar mafi yawan masu nema. A wuri irin Harvard, inda waɗanda aka ɗauka a 2024 ba su kai kashi 4 cikin 100 ba, galibin masu nema suna da maki mai kyau, don haka shaida ce ke raba gardama. In kana son sanin matsayin wata jami'a takamaimai, nemi takardarta da ake kira Common Data Set a intanet, ka duba sashe na C7. A nan kowace jami'a take bayyana ko shaida da hira suna da matuƙar muhimmanci a wurinta, ko ana dai dubawa, ko ba a kulawa da su sam. Jami'o'in Kalifoniya na gwamnati, alal misali, ba sa neman takardar shaida a fom ɗinsu, sai dai in su suka buƙata daga baya.

Takardar malamin darasi

Wannan ce uwa. Harvard, Yale, Princeton da Stanford duk suna neman biyu daga malaman da suka koyar da kai. MIT, wadda ke da nata fom ɗin daban, ta fayyace: ɗaya daga malamin lissafi ko kimiyya, ɗaya daga malamin harshe, tarihi ko makamancinsu. Sun fi son malaman shekaru biyun ƙarshe, wato SS2 da SS3 a tsarinmu.

Shari'ar da aka yi da Harvard a Boston a 2018, wadda ta kai har Kotun Ƙoli a 2023, ta fito da yadda ake karanta waɗannan takardu a cikin ofis. Kowace takarda ana ba ta lamba, 1 ita ce mafi daraja. Lamba 1 ta wanda malaminsa ya ce bai taɓa ganin kamarsa ba, ko ya yi shekaru bai ga irinsa ba. Lamba 2 ta wanda aka ce yana cikin fitattu ko shi ne gwarzon bana. Yabo na yau da kullum, irin su yaro ne mai ƙoƙari da ladabi, lamba 3 yake samu. Ka lura da wannan, domin a wurinmu "mai ladabi da biyayya" babban yabo ne, a can kuwa layin tsakiya yake ajiye ka. Fom ɗin malami na Common App ma yana da jadawalin da malam zai yi maki a kan abubuwa kamar rubutu, tunani, shugabanci, gaskiya da yadda kake tashi bayan ka faɗi, tun daga ƙasa da matsakaici har zuwa "cikin 'yan ƙalilan da na taɓa gani a aikina".

Bambancin takarda mai rai da matacciya a bayyane yake. Matacciya tana cewa: "Ɗaliba ce mai hazaƙa, mai kunya, mai zuwa makaranta a kan lokaci, ina roƙon a taimaka mata." Wannan kirari ne, za a iya ɗora shi a kan kowa. Mai rai tana cewa wani abu kamar haka: "A aji mai ɗalibai 84 ita ce ta farko a kimiyyar sinadarai zango biyar a jere. Da ruwan gwajin asid ya ƙare mana a ɗakin gwaji, ita ta kawo shawarar mu jiƙa zoɓo, ta gwada shi da ruwan toka da lemon tsami, ta rubuta sakamakon, ajin gaba ɗaya ya yi aiki da shi. A shekaru 14 da na yi ina koyarwa, uku kawai zan iya jerawa da ita." Akwai adadi, akwai abin da ido ya gani, akwai kwatanci da sauran ɗalibai. Shafi ɗaya ya isa, in ya cika da irin wannan.

Kuɗi babu, sai na data. Lokaci ne tsadarta. Ka tambayi malam tun saura mako shida zuwa takwas, kuma ka yi tambayar yadda zai iya zamewa ba tare da kunya ba: "Malam, ko kana ganin ka san aikina sosai har za ka iya rubuta mini shaida mai ƙarfi?" In ya yi jim, nemi wani. In ya amsa, ba shi takarda guda mai ɗauke da darussan da ya koyar da kai da shekarun, ayyuka biyu ko uku da ka yi a ajinsa, abin da kake son karanta, da ranar rufewa.

Wajen ƙarko babu kamarta. Malam zai ɗora ta sau ɗaya a Common App, ta tafi duk jami'o'in da ka zaɓa, har 20. Wannan ne ma dalilin da ya sa bai kamata ya ambaci sunan wata jami'a a ciki ba, domin takardar da ta ce "ya dace da Yale" ita za ta isa Princeton. Amma ba ta tsallakawa zuwa baɗi. In za ka sake nema, sai ka sake gayyatarsa.

Inda ake samun matsala uku ne. Gayyatar da Common App ke aika wa malam tana zuwa ta imel, sau da yawa ta faɗa akwatin shara, malam bai gani ba har wa'adi ya wuce, don haka ka tabbatar da bakinsa cewa ta iso. Na biyu, akwai tambayar FERPA, dokar 1974 da ta ba ɗalibi damar ganin fayil ɗinsa. Za a tambaye ka ko ka yafe haƙƙin karanta takardar. Ka yafe. Shaidar da aka san mai ita zai karanta ba ta da kima. Na uku shi ne mafi muni: malam ya ce "je ka rubuto, in sa hannu". Masu karatun nan dubban takardu suke gani a shekara, kuma rubutunka na gabansu a cikin fayil ɗaya. In salon ya zo ɗaya, har da kurakuran, shikenan an daina yarda da fayil ɗin gaba ɗaya, kuma jami'a na iya janye gurbi ko bayan ta bayar in ta gano ƙarya. In malam ba ya jin daɗin rubutu da Turanci, ko kuma da Faransanci ko Larabci aka koyar da kai kamar a Nijar, Chadi ko Sudan, ya rubuta da harshen da ya iya, wani malami ko mai fassara ya juya, a tura duka biyun. Kai dai kada ka zama mai fassarar.

Takardar makaranta

Wannan ba zaɓi ba ce, dole ce. Zaɓin yana wajen wanda zai cike ta. A Amurka akwai jami'in ba da shawara a mafi yawan makarantun sakandare. A yawancin makarantunmu babu, kuma jami'o'in sun yarda shugaban makaranta, mataimakinsa ko fom masta ya tsaya a madadinsa. Mutane sukan ruga wurin firinsifal saboda girman kujera. In bai san ka ba, gara mataimaki mai kula da karatu ko fom masta, muddin yana da ikon fitar da sakamakonka na zango-zango da hatimin makaranta, kuma yana duba imel. Aikin ba na rana ɗaya ba ne: zai tura rahoton farko, na tsakiyar shekara, da na ƙarshe, shi ne kuma zai tabbatar da buƙatarka in ka nemi a yafe maka kuɗin fom, wanda a manyan jami'o'i yake kamawa daga dala 75 zuwa 100 kowace ɗaya.

Amfaninta na gaske shi ne fassara maka sakamako. A ma'aunin WAEC, 75 A1 ce. A yawancin makarantun Amurka 75 matsakaici ne, C. Haka 14 bisa 20 a tsarin Faransanci maki ne mai kyau, amma wanda bai sani ba zai ɗauka kashi 70 ne kawai. Dole wani ya rubuta cewa ga yadda muke ba da maki, ga yawan 'yan aji, ga matsayin wannan yaro, ga darussan da makarantar ba ta da malaminsu. In an rufe makaranta wata uku saboda rashin tsaro, ko ka rasa zango saboda jinya, nan ne wurin faɗa, daga bakin makaranta.

Kada a haɗa ta da testimoniyal ɗin da ake bayarwa bayan kammala SS3. Wancan layi biyar ne da aka buga wa kowa iri ɗaya, ba ya cike wannan gurbi.

Ƙarin takarda: babban mutum ko wanda ya ga aikinka

A nan ne al'adarmu ta alfarma ke kai mutum ta baro. Takardar sanata, kwamishina ko hakimi tana aiki a inda ake jin nauyinsa. Ma'aikaciyar da ke karanta fayil a Massachusetts, jihar da Harvard da MIT suke, ba ta neman komai a wurinsa, tambayarta ɗaya ce: me wannan mutumin ya gani da idonsa? In amsar ita ce ya san mahaifinka, takardar ba ta ƙara komai ba, ta ma nuna kana neman shiga ta taga. Ga ɓata lokaci: makonni ana zarya gidan mai girma, a ƙarshe sakatare ya buga layi shida.

Akasin haka, a 2017 wata tsohuwar ma'aikaciyar ofishin ɗaukar ɗalibai a jami'ar Dartmouth ta ba da labari a jaridar New York Times cewa takardar da ta fi tsaya mata a rai daga mai sharar wata makaranta ta zo. Ya rubuta cewa yaron ne kaɗai ya san sunan kowane mai shara, yana kashe fitila a ajin da ba kowa, yana gyara wurin da 'yan'uwansa suka ɓata ko babu mai kallo. An ɗauki yaron.

Saboda haka in za ka ƙara, ka ƙara guda ɗaya, daga wanda zai faɗi abin da malaman aji ba su sani ba. Malamin islamiyyar da ka yi hadda a hannunsa kuma kake taya shi koyar da ƙanana, ubangidanka a shagon gyaran waya da ya bar maka lissafin ciniki, kocin ƙwallo, ko shugabar asibitin da kika yi aikin sa kai. Ka fara duba ko jami'ar tana karɓa, domin Common App yana nuna adadin da kowacce ta yarda da shi, wasu sifiri ne. Dartmouth ita har shaidar aboki ko ɗan'uwa take ƙarfafa a kawo.

Hira da tsohon ɗalibi

Wannan ce ke hana yara barci, alhali nauyinta bai kai na takardun ba. Masu yin ta 'yan sa kai ne da suka gama jami'ar, ba ma'aikata ba ne, kuma ba su ke yanke hukunci ba. A Harvard, Yale, Princeton da MIT mai hirar ba ya ganin makinka ko rubutunka, sunanka da makarantarka da hanyar samunka kawai ake ba shi. Za ku yi minti 30 zuwa awa ɗaya, ya rubuta rahoto, a saka a fayil.

Ba kai ke nema ba, su ke tuntuɓarka bayan ka tura fom, kuma ya danganta da ko akwai mai yi. Yale ta ce tana fifita waɗanda kwamiti ke son ƙarin bayani a kansu. Duk sun bayyana cewa rashin samun hira ba ya rage maka komai. Wasu ma sun bar tsarin: Columbia ta daina a 2023, Brown da Jami'ar Chicago sun koma karɓar gajeren bidiyo da ɗalibi zai ɗauka da kansa. Georgetown ce ta fita daban, hira wajibi ce a wurinta sai in babu mai yi a yankinka.

Kyauta ce, wanda duk ya nemi kuɗi da sunanta ɗan damfara ne. Ƙarkonta kaɗan ne, kowace jami'a da tata. Haɗarinta kuma ya fi ribarta kaifi: hira mai kyau tana tabbatar da abin da takardu suka riga suka faɗa, amma ƙin amsa gayyata ko rashin zuwa yana shiga rahoto. Ka riƙa duba imel kullum daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ka amsa cikin kwana biyu. In ta bidiyo ce, ka tuna a lokacin sanyi Najeriya da Nijar suna gaban Boston da awa 6, suna gaban Kalifoniya da awa 9, don haka ƙarfe 10 na safensu a Boston 4 na yamma ne a nan, daidai la'asar. Ka zaɓi lokacin da ya yi maka, ba laifi ba ne. Caja waya ta cika, tanadi layi na biyu, ka kuma gaya masa tun farko cewa in sabis ya yanke za ka sake kira.

Abin da ya fi kayar da yaranmu tarbiyya ce mai kyau a inda ba a fahimce ta ba. Sunkuyar da kai, amsa da kalma ɗaya, jiran babba ya gama magana, duk a gida ladabi ne, a rahoto kuwa sai su fito a matsayin rashin sha'awa. Ba a ce ka yi fahariya ba. Ka faɗi abin da ka yi da yadda ka yi shi, ka bar shi ya yi yabon. Shirya amsar abu uku: me kake son karanta da dalili, me kake yi in ba ka aji, me ya sa wannan jami'ar. Kada ka haddace, ana ganewa. Ka zo da tambaya biyu game da zamansa a can wadda ba a samun amsarta a shafin jami'ar.

Hirar bidiyo ta kuɗi

Kamfanoni irin su InitialView da Vericant suna yin hira da ɗalibi, su naɗa, su tura wa jami'o'in da ya zaɓa. Aikinta nuna cewa Turancin da ke cikin fom naka ne. Kuɗinta ya haura dala 200, kuma ba ta maye gurbin shaida. Jarrabawar Turanci ta Duolingo, wadda ba ta kai dala 100 ba, tana tafiya da ɗan bidiyo da samfurin rubutu, ga mutane da yawa wannan ya wadatar.

| Zaɓi | Nauyi | Kuɗi da lokaci | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Malamin darasi | Babba | Kyauta, mako 6 zuwa 8 | Har jami'a 20, shekara ɗaya | Yana hannunka | Yabo marar hujja, ko ka rubuta da kanka |
| Makaranta | Babba | Kyauta, rahoto uku | Duk jami'o'in bana | Sai da bibiya | Latti, rashin bayanin maki |
| Babban mutum | Kusan babu | Zarya mai yawa | Babu | Wuya | Kamannin neman alfarma |
| Wanda ya ga aikinka | Matsakaici | Kyauta | Inda ake karɓa | Sauƙi | Maimaita abin da aka faɗa |
| Tsohon ɗalibi | Ƙarami | Kyauta, awa ɗaya | Jami'a ɗaya | Ba a hannunka yake ba | Ƙin amsawa, amsa a daƙile |
| Bidiyon kuɗi | Ƙarami | Sama da dala 200 | Jami'o'i da dama | Sai da kuɗi da sabis | Asarar kuɗi |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

In kana makarantar gwamnati mai cunkoso wadda ba ta taɓa tura ɗalibi Amurka ba, rabin ƙarfinka ya tafi kan takardar makaranta, domin babu wanda ya san ma'anar makinka sai an yi bayani. Zauna da fom masta ku buɗe fom ɗin tare, ya ga abin da ake nema. Cibiyoyin EducationUSA na gwamnatin Amurka da ke Abuja da Legas suna ba da shawara a kan wannan, su ne kuma wurin tambayar halin da bizar ɗalibai ke ciki, tunda dokokinta sun yi ta sauyawa tun 2025, kafin ka kashe ko sisi.

In injiniya ko kimiyya kake nema a wuri irin MIT, tun SS2 ka fara kula da malamin Turanci ko na tarihi, domin nan 'yan ajin kimiyya ke samun giɓi.

In ka gama sakandare shekara biyu ko uku da suka wuce kana sana'a, har yanzu sai ka koma wa tsofaffin malamanka, ka kai musu tsoffin littattafanka su tuna. Kai ne wanda ƙarin takarda daga ubangida ta fi yi wa amfani, don ita za ta faɗi inda shekarun suka tafi. In kuwa ka riga ka fara jami'a a gida, bincika tukuna, jami'o'i da yawa za su ɗauke ka a matsayin mai sauya sheƙa, kuma shaidar malaman jami'a za su nema.

In bakinka ya fi alƙalaminka, karɓi duk hirar da aka ba ka, ka kuma yi bidiyon Brown ko Chicago in kana nemansu. In da Faransanci ko Larabci ka yi karatu kuma jami'ar da kake so ta ambaci InitialView a shafinta, a nan ne kawai kuɗin ya cancanci fita, bayan ka tambaya ko suna rangwame.

In kuma Ingila ce a ranka, lissafin ya sauya: UCAS, shafin neman jami'o'insu, shaida ɗaya tak take karɓa, galibi daga makaranta, Oxford da Cambridge suna rufewa 15 ga Oktoba, hirarsu kuma malaman sashen ne ke yi a Disamba, tambayoyin darasi ne zalla, kuma tana da nauyi sosai wajen yanke hukunci.